Bel a Falon Gwaggo

"Cire ta," in ji Mai Bel.

Ina tsaye a kan benci, guduma a hannu, sauran ƙusoshi a baki. Na waiwayo. Yana zaune a tsakiyar falonsa a kan kujerar roba, ya ɗora haɓa a kan sandarsa, yana hararar ƙusar da na gama bugawa a bango kamar ta zage shi.

Na zubo ƙusoshin bakina a tafin hannu. "Malam, ai ta kama sosai. Ko buhun siminti ka rataya mata ba za ta motsa ba."

"Ni na ce maka siminti zan rataya? Miƙo min wancan."

Na sauko na ɗauko masa bel ɗin injin da ya nuna, wani tsoho da ya ware gefe guda. Ya ɗaga shi sama da yatsa ɗaya. Maimakon ya zagaye sumul, sai ga wani wuri ya tsuke ya yi gwiwa.

"Ka ga wannan? Aikin ƙusa ne. Wani ya rataye shi ya manta da shi. Duk nauyinsa ya taru a wuri ɗaya, zaren da ke cikin robar ya lanƙwashe, ba zai sake miƙewa ba. Ka ɗora shi a inji, duk zagayen da zai yi sai ya yi tsalle, har ya cinye kansa ya ɓata fulin injin da yake hawa." Ya ɗaga murya fiye da yadda tazarar da ke tsakaninmu take buƙata. "Bel ba ya son siririn abu. Faffaɗan wuri yake so, mai ƙusumbi, ya kwanta a kai ya saki jiki."

Daga kicin aka ajiye murfin tukunya da ƙarfi.

Na sa bayan guduma na zare ƙusar. Ta fito da ɗan siminti.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni kafinta ne, rumfata tana ƙofar gida, kuma tun da na tare a layin nake ganinsa yana fita da safe a kan babur, ya dawo da yamma yana warin roba. Da can ma'aikacin sito ne a wata masaƙa. Da masaƙar ta rufe sai ya kama shago a layin makanikai yana sayar da bel na injuna, na niƙa, na yankan katako, na famfon ban ruwa, na buga bulo. Sunan sana'ar ya bi shi har mutane suka manta da nasa. Matarsa kuwa Gwaggo kowa yake ce mata a layin, babba da yaro. 'Ya'yansu duk sun yi nisa. Auta, wadda take koyarwa a wata makaranta a wani gari, ita ce mai yawan leƙowa.

Abu biyu suka haɗu masa a wata guda. Mai ginin shagon ya ce zai rushe ya tayar da bene, kowa ya kwashe kayansa. Asibiti kuma suka ce akwai ƙari a cikinsa, sai an yi aiki.

Aka kwaso kayan shagon a babbar mota aka jibge a falo, domin ɗakin ajiyar da ke bayan gidan kwano ne tsirara ba silin, da rana kamar tanda yake. Falon ne wuri mafi sanyi a gidan. Gwaggo ta tura kujerunta masu laushi lungu guda, ta sauke hotunan bango ta kai ɗaki. Shi kuma ya faɗa a gaban kowa cewa ba zai kwanta a gadon asibiti ba sai bel na ƙarshe ya sami wurin zamansa. Ya aika aka kira ni. Na duba bangon, na duba kayan, na ce aikin 'yan kwanaki ne.

Da farko ban kawo komai a raina ba. Mai sana'a ne, ya san kayansa. Ni ma ba na son a jingina min katako a tsaye ya banƙare. Na koma rumfa na yanko katako mai kauri, na fitar da shi rabin da'ira kamar an raba faranti biyu, na bi shi da samfefa. Ya shafa da babban yatsa ya ce bakin da sauran kaifi. Na sake gogewa. Ya ce ya yi, amma na ƙananan bel ne, manya suna son wanda ya fi wannan faɗi. Na yi manya. Da na zo jera su a bangon da ke kallon taga, sai ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce in dawo gobe da hantsi. Na dawo. Rana ta shigo ta kwanta a kan rabin layin.

"Rana dafa roba take yi," ya ce, idonsa a kan ƙofar kicin. "Ta bushe ta tsattsage tun ba a kai ta inji ba. Zafi ma haka. Danshi ma haka, shi ya sa ba a barin bel a ƙasa."

Na kwance su na mayar ɗaya bangon. A nan kuma firijin Gwaggo yake. Ya ce injin firiji, da duk wani inji mai cin lantarki, akwai wata iska da yake fitarwa wadda hancin mutum ba ya ji, amma roba tana ji. Na kira mai shagon kusurwar layinmu muka tura firijin zuwa lungun kicin. Gwaggo ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonmu.

"Saura ni," ta ce. "Ni ma a duba ko ina fitar da iskar, a tura ni waje."

"Ke taki ai kunne ne yake jin ta," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta koma kan tukunyarta.

Ranar da na shigo da gwangwanin fenti don in shafe katakon ya yi kyan gani, tun da dai falo ne, sai da ya miƙe tsaye. Fenti, man inji, giris, kananzir, babu wanda zai kwana a ɗakin nan. Na mayar da gwangwanina.

A haka ranar da asibiti suka ba shi ta zo ta wuce. Auta ta kira a waya, ina kan benci ina jin muryarta tana tashi tana sauka. Aka sake ba shi wata ranar. Abinci ya fara gagararsa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana ya karɓi ƙusa da guduma a hannuna ya ƙara huda a bel ɗin wandonsa. Ya ce wannan ne kaɗai bel ɗin da ya yarda ƙusa ta taɓa.

Wata safiya Gwaggo ta tafi kasuwa. Na zo na kafa layi guda na maratayai, na haɗa kantar jera kaya, na fara ɗora kwalaye. Bai ce uffan ba. Da na tambaye shi ko tsayin kantar ya yi, hannu kawai ya ɗaga. Idanunsa a lumshe suke, ɗaya hannun a kan cikinsa. Aikin da na yi a safiyar nan ya fi duk wanda na yi a makon. Ƙofar gida tana yin ƙara, Gwaggo ta shigo da kwando, sai ya gyara zama.

"Kafinta! Wa ya ce ka ɗora kwali a kan kwali har haka? Na sama ya danne na ƙasa, bel ɗin da ke ciki ya karkace, wa zai saya? Masu haƙoran nan ma ba a naɗe su da ƙarfi, ba a karya su. A kwance ake barin su a cikin kwalinsu."

Na sauke kwalayen. Da ta shige kicin na matso kusa da shi.

"Malam, tun safe kwalayen nan suke a haka. Kana kallonsu."

Ya waiga inda ta shiga. Can ya ce, "Tura ƙofar kicin ɗin nan."

Na tura.

"Likitan nan ya yi min magana ni kaɗai, ranar da Maman Auta ta fita karɓo magani. Ya ce za su buɗe su gani. Na ce su gani, ko su cire? Ya ce su gani tukuna." Ya murza sandar a tsakanin tafukansa. "Na daɗe ina aiki da masu gyaran inji, Kafinta. Na san muryar mutumin da ya riga ya san abin da zai tarar."

"Allah ne mai waraka, Malam."

"Shi ne. Ban ce ba Shi ba ne."

"To ka gaya mata mana."

"In ce mata me? Zauna in koya miki abin da za ki ci abinci da shi bayan raina? Na gwada tun muna shago. Ta ce ita kanta ba ya ɗaukar lamba, ta tashi ta ba ni wuri." Ya nuna bangon da sanda. "Waɗannan su ne abin da zan bar mata. In an ajiye su daidai, sai su yi shekaru babu abin da ya same su, ta riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya. In aka jibge su a bayan gida, zafi ɗaya da damina ɗaya, sun zama igiyar ɗaure akuya." Ya yi tari, ya jira ya lafa. "Kai dai ka ci gaba da kuskure. Ka iya shi."

Na ce to. Na koma kan benci. Ban taɓa ƙirƙirar kuskure da gangan ba, shi ma bai buƙaci in yi ba. Kullum yana samun abin faɗa.

Bayan 'yan kwanaki ina rumfa ina haɗa ƙafar wani tebur, sai ga Gwaggo a bakin rumfar. Ba ta saba zuwa nan ba. In tana son wani abu, ta kan katanga take kiran maiɗakina. Na kakkaɓe mata benci, ta ƙi zama.

"Kafinta, tsakaninka da Allah, aikin nan me ya rage?"

"In za a bar ni, Gwaggo, yini guda ya isa."

"In za a bar ka." Ta dubi garin katakon da ya taru a ƙasa. "Jiya ko ruwan shayi bai zauna masa ba. Ya juya min baya wai kada in gani." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Kai kana ganin ban san da wa yake ba? Mutum yana zaune kusa da kai kamar nan da can, yana ihu kamar mai kiran wani a hayin titi. Tun ina sabuwar zuwa gidan nan nake wanke riga mai warin roba. Babu abin da ya faɗa a falon nan da ban ji shi a wurin cin abinci ba tun kafin a haifi Auta."

"To da kin nuna masa kin sani, ai da tuni..."

"In na nuna masa, na yarda ke nan." Ta ja bakin mayafinta. "Ni kuwa ban yarda ba."

Ta juya ta tafi. Na koma kan ƙafar teburina.

Ƙarshen makon Auta ta iso. Ta shigo falo da jaka a kafaɗa, ta ga ubanta, ta gaishe shi, ta wuce kicin. Ta jima a can. Da ta fito idonta ya yi ja, kuma kaina ta fara sauka.

"Kawu Kafinta, don Allah kanta ake yi ko bene ake ginawa?"

"Tambayi mai aikin, 'yata."

Ta juya wurinsa. "Baba, na yi magana da wani dillali a layin makanikai. Ya ce zai zo da mota ya kwashe su duka lokaci guda. Sai mu huta, kai ma ka huta, jibi mu tafi asibiti."

"Wa ya aike ki?"

"Babu wanda ya aike ni. Roba ce fa, Baba. Roba! Kana zaune kana gadin roba, jikinka yana ƙarewa."

"Robar nan ce ta kai ki makarantar da kika koyo yi min tsawa."

"To ta gama aikinta."

"Duk wanda ya taɓa min bel ɗaya a gidan nan..."

Ya dogara sanda ya yunƙura. Ya miƙe, ya yi taku kamar zai nufi bangon, sai ƙafafun suka ƙi. Ya kai hannu ya kama abin da ya fi kusa, wasu dogayen bel da ke rataye, suka zamo daga kan maratayinsu suka biyo shi ƙasa. Bai bugu sosai ba, a kan gwiwa ya sauka, sannan ya kwanta a gefe. Ni da Auta muka ɗaga shi. Ban yi zaton haka ya koma ba, busasshen katako ya fi shi nauyi. Muka zaunar da shi. Yana haki, amma ƙasa yake nunawa da yatsa, a ɗauke masa bel daga kan siminti.

Gwaggo tana tsaye a ƙofar kicin. Ba ta matso ba. Ta dube shi, ta dubi bel ɗin da ke ƙasa, ta koma ciki.

Washegari da sassafe, ko rumfa ban buɗe ba, ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kanta. "In ka karya, ka zo da kayan aikinka."

Na tarar da shi a kujerarsa, an lulluɓe masa ƙafafu da zane. Auta tana zaune a hannun kujera mai laushi ta naɗe hannuwa. Gwaggo ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta sha ɗamara.

"Kai kafa katakonka kawai," ta ce da ni. "Wancan babban a sama, can nesa da taga. Ƙananan biyu a ƙarƙashinsa. Sauran ka bar min."

Ina kafawa tana ɗorawa. Ta ɗauki dogon bel, wanda in an rataye shi a miƙe zai ja ƙasa, ta taka shi da ƙafa, ta juya wuyan hannunta, ya naɗe kansa zobe-zobe ba tare da ya murɗe ba, ta ɗora a kan babban maratayi. Masu faɗin nan masu nauyi ba ta rataye su ba, ta kwantar da su a kan kantar. Waɗanda suka zo tare daga kamfani a ɗaure, na inji ɗaya, ta bar su a ɗaurensu, ta sassauta igiyar da ta ga ta matse. Tsofaffin kaya ta jawo su gaba, sababbi ta tura baya. Lambar da ba ta iya gani ba sai ta miƙa wa Auta ta karanta mata. Auta ta karanta na farko a zaune, na biyu a zaune, daga nan ta tashi ta tsaya kusa da uwarta.

Mai Bel yana zaune yana kallo har wajen hantsi. Sau ɗaya ya ɗaga sanda.

"Wancan..."

"Na gan shi," in ji Gwaggo, ba tare da ta juyo ba. Ta sauke shi ta juya bayansa daidai ta mayar.

Kafin rana ta karkata an gama. Babu bel ko ɗaya a ƙasa. Auta ta share falon. Gwaggo ta goge hannu a zanenta ta tsaya a gabansa.

"Saura me?"

Ya bi bangon da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya dawo, ya sake bi. Ya leƙa ƙarƙashin kanta. Ya dubi taga.

"Babu," ya ce.

"To tashi ka yi wanka. Ruwan yana kan wuta."

Na tattara kayana na fita.

Da safe mota ta zo. Ya zauna a gaba, su biyu a baya. Ya ɗaga min hannu ta gilashi. Bayan kwanaki maiɗakina ta je dubiya ta dawo ta ce an yi aikin. Sun buɗe, sun gani, sun rufe. Da ɗinkin ya kama aka sallamo shi gida da magungunan rage ciwo.

Aka kwantar da shi a ɗakin ciki, wanda ƙofarsa take buɗewa cikin falo. Nakan shiga da yamma in na tashi daga aiki, in zauna a bakin gado. Ba ya doguwar magana. Yakan tambaye ni aikin wa nake yi, in gaya masa, ya gyaɗa kai. Auta ta koma makarantarta, tana zuwa duk ƙarshen mako. Masu dubiya suna zama a falo a ƙarƙashin bel, suna fita da warin roba a tufafinsu.

Masu saye kuma suka gano gidan. Wata yamma ina zaune wurinsa wani mai injin niƙa ya yi sallama, gari fari fat a gashin idonsa, tsinkakken bel a hannu. Gwaggo ta karɓa ta duba lambar, ta sauko masa da ɗauri guda.

"A'a, Mama, ɗaya nake so. Ɗaya ne ya tsinke."

"Injinka nawa yake ɗauka?"

"Uku. Amma biyun lafiyarsu lau."

"Biyun sun riga sun miƙe. Ka sa sabo a tsakaninsu, shi kaɗai zai ja kayan, su suna rakiya. Ba za ka daɗe ba za ka dawo ka ce na sayar maka da ruɓaɓɓe."

"To ki kwance min ɗaya dai, in na dawo ni na jiyo."

"Ba na raba ɗauri. In na cire ɗaya, sauran biyun wa zan ba?"

"Shi Baba da yakan..."

"Ba ya yi. Kada ka yi masa ƙarya yana kwance yana jin ka."

Mutumin ya yi 'yar dariya, ya ce a ba shi ukun. A kan gadon na ga kafaɗun Mai Bel suna motsi. Na ɗauka tari ne zai taso, na kai hannu ga kofin ruwa. Ya girgiza kai. Dariya yake yi, ba sauti, hannunsa a kan ɗinkin.

"Ka ji ta," ya ce a hankali. "Wai kanta ba ya ɗaukar lamba."

Wannan ce doguwar maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa. Daga nan sai barci ya yi yawa. Ya daina karɓar komai sai ruwa a cokali, daga baya ruwan ma sai a jiƙa masa leɓe. Auta ta ɗauki hutu ta dawo gaba ɗaya. Sauran 'ya'yan suka zo suka gan shi, wasu suka koma, wasu suka tsaya.

Ya rasu da hantsi, ranar aiki. Ina rumfa ina yanka katako, sai na ji Gwaggo ta kira maiɗakina ta kan katanga, da muryar da take kiranta in tana neman aron turmi. Maiɗakina ta shiga. Jim kaɗan na ji kukan Auta. Na ajiye zarto, na wanke hannu, na sa riga.

Kafin azahar gidan ya cika. Maza a waje a kan bencina da na maƙwabta, mata a tsakar gida da kicin. Aka shirya shi a ɗakin da ya kwanta. Da aka zo fitowa da shi sai aka tsaya. Ƙofar ɗakin cikin falo take buɗewa, kuma ƙarshen kantar da na kafa ya tare ta, ba ta wuce rabi. Mutum ɗaya yana wucewa ba tare da ya lura ba, haka muka yi ta shiga da fita duk makonnin nan. Amma mutane ɗauke da mutum ba za su wuce ba.

"A sauke kantar nan," in ji wani daga cikin 'yan'uwansa. "Ku kwashe robobin nan ku zuba a can."

Samari biyu suka kai hannu. Ɗaya har ya rungumo kwalaye.

"Kada ku taɓa."

Gwaggo ce, daga bakin ƙofar kicin, mata biyu suna riƙe da ita. Ba ta ɗaga murya ba.

"Gwaggo, hanya ake nema," in ji mutumin.

"Na ji. A cire ƙofar." Ta neme ni da ido a cikin mutane. "Kafinta."

Na je rumfa na ɗauko sukuddireba. Sukurun sama suka fito da sauƙi. Na ƙasa tsatsa ta ci su, sai da na durƙusa na danna da ƙarfi, mutane suna tsaye a kaina suna jira. Da ta saki, ni da babban ɗansa muka ɗauke ta muka fitar tsakar gida muka jingina da katanga. Aka fito da shi ta tsakanin kanta da bango, kafaɗar na gaba tana gogar katako. Babu abin da ya faɗo.

Da muka dawo daga binne shi rana ta yi sanyi. Mutane sun ragu. Na shiga da sukuddireba in mayar da ƙofar. Gwaggo tana zaune a falo a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, Auta ta ɗora kai a cinyarta.

"Bar ta sai gobe," ta ce. "Ɗakin ya sha iska."

Na ce to. Na leƙa ciki. An naɗe katifar, an buɗe taga, labule yana shiga yana fita. Na fito tsakar gida. Ƙofar tana nan a jingine da katangarmu, wata daga cikin matan ta shanya jiƙaƙƙen tawul a kanta, yana ɗiga a kan siminti. Na wuce gida da sukurun a aljihu.